Watandar Wuta: Me Ya Hana Makarantu, Asibitoci da Masallatanmu Haɗa Sayayya?

Watan jiya kwamitin Islamiyyar unguwarmu ya tura ni kasuwa in sayo batura huɗu na sola. Na sha rana, na taya a shago uku, na sallama a na huɗu. Ana ɗora min kaya a adaidaita sahu sai ga ma'ajin masallacin Juma'ar da ke kallon makarantarmu, ya zo karɓar rasit. Ashe shekaranjiya shi ma a nan ya saya. Batir iri ɗaya, kamfani ɗaya, shago ɗaya. Muka haɗa takardu, nasa ya fi nawa tsada, kuma dukkanmu farashin ɗai-ɗai aka ba mu.

Da mai shagon ya gane maƙwabta ne mu, sai ya ce, "Haba Alhaji, ai da kun haɗa kun zo tare, da kan sari zan ba ku, in kai muku har ƙofa."

Wannan magana ta tsaya min a rai har na isa gida. Kuɗin da muka bari a shagon nan na iyayen yara ne masu biyan kuɗin Laraba da ƙyar, da na mutanen da ke jefa ɗari biyu a asusun masallaci bayan sallah. A layinmu kaɗai akwai Islamiyya, da masallaci, da ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, da firamaren gwamnati, da rijiyar burtsatse ta jama'a. Kowa da injinsa, kowa da jarkarsa, kowa da mai gyaransa. Ban taɓa jin an zauna an yi maganar wuta tare ba.

Ra'ayina shi ne wuraren da ba don riba aka kafa su ba, na gwamnati da na al'umma, su daina sayen makamashi ɗai-ɗai. Su haɗa buƙatarsu ta man gas, da kayan sola, da gyara, har da wutar kanta inda doka ta ba da dama, su yi ciniki da baki ɗaya.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk jajibirin Sallah muna watanda. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a sayi sa guda a kara, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Wanda ya ci naman watanda ya san bambancinsa da awon mahauci. Abin da muka iya a kan nama muka kasa a kan wuta, alhali wuta ce ke cinye mana kuɗi kowane wata.

Yadda nauyin ya kai haka

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga waɗanda ke rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. An ɗan sassauta daga baya, ya koma 206.80 a watan Mayu, ya sake hawa zuwa 209.50 a Yuli. Band A su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuma manyan asibitoci da jami'o'i da yawa a nan suka faɗa. Asibitin da ke shan yunit 10,000 a wata, wanda a da yake biyan naira 680,000, ya wayi gari ana neman fiye da miliyan biyu a hannunsa, gadajensa ba su ƙaru ba, kasonsa a kasafi bai motsa ba.

Wanda ya ce zai koma inji kuwa, ya faɗa wadda ta fi. Litar gas ɗaya a inji mai lafiya ba ta wuce yunit uku zuwa uku da rabi. Idan lita ta kai naira 1,200, kuɗin mai kaɗai ya doshi naira 400 a yunit, ba a sa baƙin mai da gyara ba. Ƙananan wurare masu injin fetur kuma tun 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafi suke ɗanɗana kuɗarsu.

Sai kuma duhun Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke bi ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako babu wuta. Duk wanda ya yi jinya a kwanakin nan ya san abin da aka gani. Kowane asibiti ya fita neman mai shi kaɗai, a daidai lokacin da kowa ke nema.

"Ai farashin wuta ƙayyadadde ne"

Wannan ne abu na farko da ake ce min, kuma akwai gaskiya a ciki. Ko makarantu ɗari suka haɗu suka je ofishin KEDCO ko na Kaduna Electric, ba za a rage musu kuɗin yunit ba, domin hukuma ce ke yanka shi. Duk wanda ya ce muku haɗin sayayya zai sauke farashin Band A ya ruɗe ku.

To amma a ɗauko littafin kashe kuɗi na kowace makaranta ko asibiti a duba. Takardar 'yan NEPA layi ɗaya ce. Ƙarƙashinta akwai gas, akwai fetur, akwai baƙin mai da filta, akwai batir da ya mutu kafin lokacinsa, akwai infata da ta ƙone, akwai mai gyara da aka kira tsakar dare. Duk waɗannan a kasuwa ake cinikinsu, kasuwa kuma mai sayen da yawa take jin maganarsa.

Ga misali da ba a ɓoye yake ba. A Afrilun 2024 matatar Ɗangote ta sanar da farashin gas hawa biyu: naira 970 ga mai ɗaukar lita miliyan ɗaya zuwa sama, naira 940 ga mai ɗaukar miliyan biyar zuwa sama. Naira talatin ce tsakani, amma a kan lita miliyan biyar ta zama naira miliyan 150. Wannan tsakanin manyan dillalai ke nan. Kafin man ya bi ta hannun mai daffo, da mai tanka, da gidan mai, ya iso jarkar yaron da asibitin unguwa ya aika, hannu nawa ya ɗauki rabonsa? Lita miliyan ɗaya kusan tanka talatin ce mai cin lita 33,000. Ba asibitin da zai ɗauki wannan shi kaɗai. Asibitocin jiha guda, da manyan makarantunta, da hukumar ruwanta, idan suka haɗu, za su ɗauka.

Ita ma wutar layin ba a rufe ƙofarta gaba ɗaya ba. Tun 2017 NERC ta fitar da ƙa'idar da ta ba manyan masu shan wuta damar saye kai tsaye daga kamfanin da ke samar da ita, kuma ta yarda gungun masu amfani su haɗu su cika ma'aunin. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Wannan fage ne na jami'o'i da asibitocin koyarwa da sakatariyoyi, ya fi ƙarfin irinmu. Namu shi ne ƙaramar tashar unguwa, wadda ba ta wuce megawat 1 ba, ita ma doka ta san da ita.

Rufin da ke zaman banza

A nan ne abin ya fi ci min rai, domin ko kuɗi ba a ƙara ba, da akwai abin da za a samu.

Masallacin Juma'armu yana da faifan sola jere a kan rufi. Yaushe yake shan wuta sosai? Lokutan salloli biyar, da ranar Juma'a, da dararen azumi. Daga hantsi zuwa azahar, lokacin da rana ta fi ƙarfi, baturansa sun cika, faifan na kwance ba aiki. Islamiyyarmu ba ta karatu Alhamis da Juma'a, wato ranar da masallaci ya fi buƙatar fanka da lasifika, namu kayan hutu suke yi. Firamare ta tashi da azahar, ga dogon hutu sau uku a shekara. Rijiyar burtsatse ba ruwanta da dare, a ba ta wutar tsakar rana ta cika tanki, shi ke nan. Asibitin sha-ka-tafi kuwa abin da yake nema kaɗan ne amma ba ya son yankewa: firjin allurar rigakafi, da fitilar ɗakin haihuwa.

Wurare biyar, tsakaninsu bai fi tafiyar minti uku ba, buƙatarsu ba ta cin karo da juna. Amma kowanne ya sayi kayan da za su ɗauki ranar da ya fi shan wuta, sauran kwanaki kayan na zaune. Da tasha ɗaya aka kafa, aka ja waya, aka sa wa kowa mita, da kayan da aka saya ba su kai haka yawa ba, da kuma ungozoma ba ta karɓi haihuwa da fitilar waya ba alhali baturan maƙwabcinta a cike suke.

An gwada irin wannan a Kano, a wurin 'yan kasuwa. Ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da lantarki a karkara, REA, an haɗa dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari da wutar sola, kowa na biyan abin da ya sha. Abin da ya sa kamfani ya yarda ya zuba kuɗinsa a can shi ne ya ga masu saye da yawa a wuri ɗaya. Ba kamfanin da zai zo don Islamiyya guda. Don cibiyoyi talatin a ƙaramar hukuma ɗaya, da yarjejeniyar shekara goma, zai zo, kuma shi zai ɗauki nauyin gyara.

"Kuɗin taro, wa zai riƙe?"

Da na kai maganar gaban limaminmu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, shawararka ta yi. Amma wa zai riƙe kuɗin? Ka manta yadda aka ƙare da kuɗin taransifoma?"

Ban manta ba. Shekarun baya an yi karo-karo a unguwa, gida-gida, aka tara, har yau ba wanda ya ga lissafi. Tun daga nan duk wanda ya zo da maganar haɗa kuɗi ana yi masa kallon biyu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake kira, kuma ba na raina ta.

Na ce masa, Allah gafarta Malam, a duba yadda watanda take. Me ya sa ba a cika rigima a kanta ba? Domin a fili ake yin komai. An san kuɗin sa, an ga san da ido, a gaban kowa ake kasawa, kashi-kashi a shimfiɗe. Kuɗin taransifoma kuwa aljihun mutum ɗaya ya shiga, ya tafi shi kaɗai, ya dawo da labari.

Haɗin sayayya ba ya buƙatar a tara kuɗi a hannun kowa. Abin da ake haɗawa buƙata ce. Kowace cibiya ta rubuta lita nawa take sha a wata, batir nawa za ta canza a bana. A tara jimla, a kira dillalai su kawo farashi a rufe, a buɗe a gaban wakilan kowa, a zaɓi wanda ya fi. Daga nan kowa ya biya dillali kai tsaye daga asusunsa zuwa asusun kamfani, a kan farashin da aka amince. Kwamiti ba ya taɓa ko sisi. A liƙa farashin a allon sanarwa, a tura shi a zauren WhatsApp. Ranar da tanka ta zo, a duba hatiminta, a zura sanda a auna a gaban mutum uku daga wurare daban-daban.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yadda ake yi yanzu ne ya fi ba ɓarna wurin ɓuya. Rasit ɗin gidan mai na lita hamsin, wa ya tabbatar hamsin ɗin ce ta shiga inji? Gas ɗin da aka gauraya da kananzir, wa zai kama? Da ban haɗu da ma'ajin masallaci a shagon nan ba, har abada ba wanda zai san farashi biyu aka ba mu. Na tabbata a wasu ofisoshin, masu ƙin wannan tsari da ƙarfi su ne masu samun wani abu a sayen ɗai-ɗai. Ba kowa ba, amma akwai su.

A fannin magani ma ai an riga an yi. Kano na da hukumar da ke sayo magunguna da kayan asibiti a dunƙule ta rarraba wa asibitocin gwamnati, Kaduna da Jigawa ma suna da irinta. Ana iya samun ƙorafi a kan yadda suke aiki, amma ban ji mai cewa a koma kowane asibiti ya riƙa zuwa kasuwa da kansa ba. Idan an yarda da wannan a kan farasitamol, me ya hana a kan gas ɗin da ke kunna ɗakin tiyata?

A Ingila, cocin ƙasar yana da tsarin da majami'u ke haɗa sayen wuta da iskar gas a kwando ɗaya, ƙaramar hukumar Kent kuma ta daɗe tana saya wa makarantu da wasu hukumomi makamashi a dunƙule. Kasuwarsu daban da tamu, can ana zaɓar kamfanin da za a saya a wurinsa. Abin ɗauka a nan shi ne wuraren ibada da makarantu ne suka ga ba su da ƙarfin ciniki ɗai-ɗai.

Masu ci ba biya

Akwai wata matsalar da ba ta da daɗin faɗa. Ma'aikatun gwamnati sun yi suna wajen ƙin biyan kuɗin wuta. A Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi bashin kusan naira biliyan 47, har da fadar shugaban ƙasa a ciki. Dillalin da ya san wannan, idan ya ga sunan ma'aikata a cikin gungu, zai ƙara farashi don ya kare kansa, gidan marayu ya biya laifin da ba nasa ba.

Saboda haka kada a cakuɗa. Na al'umma su yi nasu, kuɗi hannu. Na gwamnati su yi nasu, a cire kuɗin makamashi tun daga tushe, daga ofishin akanta janar zuwa dillali, kafin kason ya isa ma'aikata. Asibitin unguwa ko firamaren da ke son shiga gungun al'umma, ya shiga da mitar da ake sa wa kati. Wanda ya yi wata biyu bai biya ba, a ajiye shi gefe har ya biya. A watanda ma wanda bai kawo kuɗinsa ba, ba a kasawa da shi.

Wasu kuma na tsoron manya za su danne ƙanana, babban asibiti ya juya kwamiti yadda yake so. Maganinsa kowace cibiya ƙuri'a ɗaya. Sai batun ƙananan dillalai da masu gyaran unguwa, waɗanda za su iya rasa ciniki idan kwangila ta tafi hannun babban kamfani. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba zan ce ba wanda zai ji a jikinsa ba. Ana iya rage zafin ta hanyar kasa kwangilar shiyya-shiyya, da sharaɗin cewa gyara da wankin faifai na matasan unguwa ne. Da ƙurar hunturunmu, wankin faifai kaɗai aiki ne na kullum.

Ban yarda kuma a ce bambancin aƙida zai hana ba. Masallacin Izala da zawiyyar ɗariƙa da cocin da ke bayan layi duk taransifoma ɗaya suke sha, rana ɗaya ake ɗauke musu wuta. Ba wanda aka ce ya bi wani sallah. Farashin batir za a tattauna. Masu gudun bashin ruwa kuma, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ suna da murabaha (banki ya sayo kaya ya sayar maka a biya daga baya) da ijara (haya), kuma su ma sun fi son gungu mai lissafi a kan makaranta guda. Hukumomin zakka da waƙafi na Kano da Sakkwato za su iya zama inuwar da za a taru a ƙarƙashinta. Mai hannu da shunin da ke son sadaka mai gudana, tashar sola da ke ba asibiti da makaranta da rijiya wuta lokaci guda ta cancanci ya dube ta.

"A jira gwamnati"

Gwamnati ta yi wasu abubuwa. A Satumban 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a Janairun 2023 kuma aka buɗe mai megawat 10 a Challawa. Ina so a ƙara irinsu, kuma haƙƙinmu ne mu nema. Sai dai layin masu jira ya yi tsawo, jami'o'i da asibitocin koyarwa ne a gaba, Islamiyyar unguwa ko sunanta babu a takardar. Kuma ko kyauta aka kafa maka sola, batir zai mutu wata rana, a nan ne za ka sake komawa shago kai kaɗai.

Abin da nake roƙon gwamnatocin jihohi bai kai gina tasha wahala ba. A umarci hukumar kula da asibitoci da ma'aikatar ilimi su tattara lissafin man da suke sha a shekara, a fitar da kwangila ɗaya a fili, a buga farashin, sannan a bar ƙofa a buɗe ga gidajen marayu da makarantun al'umma su saya a kan wannan farashin.

Mu dai a unguwarmu mun fara da takarda guda. Na raba ta ga wurare goma sha ɗaya, kowa ya rubuta litar da yake sha a wata, da shekarun baturansa, da lokacin da ya fi buƙatar wuta. Shida sun dawo da ita. Liman ya ce zai yi sanarwa ranar Juma'a, da sharaɗin kada kuɗin kowa ya kwana a hannun kwamiti, na ce masa a rubuta wannan a layin farko. Jami'ar asibitin sha-ka-tafi ce ta fara kawo tata, a ƙasa ta ƙara da biro cewa firjin rigakafinsu ya kwana uku a kashe a watan da ya wuce.